Garkuwar hanci da hanji da maganar rigakafi: tambayoyin da ake yawan yi

Tun bayan korona tambayoyin nan suke ta dawowa, wani lokaci daga iyaye masu kai yara rigakafi, wani lokaci daga ɗaliban kiwon lafiya, har ma da mutanen da suka yi allura biyu uku amma mura ta sake kama su suka ce to ina amfanin. Na haɗa su wuri ɗaya, masu sauƙin na sama, masu ɗan zurfin na ƙasa, kowa ya tafi inda ya dame shi.

Wai mece ce wannan garkuwar ta fatar ciki da ake ta magana?

Buɗe bakinka gaban madubi, jan naman nan mai danshi da ka gani a cikin kunci da dasashi, shi ne fatar ciki. Irinta ce ta shimfiɗe cikin hanci, maƙogwaro, hanyoyin iska har zuwa huhu, ciki da hanji gaba ɗaya, hanyar fitsari, al'aura, har da bayan fatar ido. Kuma tana da faɗi fa sosai, fatar waje ta babban mutum ba ta wuce murabba'in mita 2 ba, amma hanji kaɗai in aka baje duk lanƙwashe-lanƙwashensa ya kai wajen murabba'in mita 30, huhu ma ya fi haka. A hanji kaurin abin da ya raba abinci da cikin jikinka layi ɗaya ne tal na ƙwayoyin halitta, dole ya zama siriri haka don ta nan abinci ke shiga jini.

To yawancin cututtuka masu yaɗuwa ta nan suke shigowa, mura, korona, tarin fuka, ƙyanda, kwalara, taifod, foliyo, gudawar yara, cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa, duk ta fatar ciki ne. Shi ya sa jiki ya ajiye mata tsaro nata na musamman, wanda ya haɗa da majina da yauƙi masu kama ƙwayar cuta, ƴan ƙananan gashi a hanyar iska masu share datti zuwa sama, tsamin ruwan ciki, da kuma ƙwayoyin garkuwa masu ɗimbin yawa da ke zaune a wurin ba sa yawo.

Ba garkuwar jiki ɗaya ba ce? Me ya raba ta da wadda ke cikin jini?

Jiki ɗaya ne, amma aikin a rabe yake. Ka ɗauka kamar gida ne mai maigadi a bakin ƙofa da kuma majiya ƙarfi a tsakar gida. Na tsakar gida in ɓarawo ya shigo za su kama shi kafin ya yi ɓarna, amma dai ya riga ya tsallake ƙofa. Maigadi shi tun daga waje yake tare shi. Garkuwar jini ita ce ta tsakar gida, babban makaminta antibodi ne, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa ya manne wa ƙwayar cuta, nau'in da ake kira IgG, shi ke kare huhu can ciki da ƙwaƙwalwa da laka da sauran kayan ciki. Garkuwar fatar ciki kuma babban makaminta IgA ne, ana zubo shi waje cikin majina da miyau da hawaye da ruwan hanji da nono.

Abin da ya sa wannan rabon yake da muhimmanci ga rigakafi shi ne mutum zai iya samun ɗaya da ƙarfi ɗayar kuma ta kasance mai rauni. Sai ka ga cuta ba ta kwantar da shi ba amma tana zaune a hancinsa ko hanjinsa tana hayayyafa, yana raba wa mutane bai ma sani ba. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili yana cikin amsar foliyo a ƙasa.

Ya IgA ɗin ke aiki?

Ƙwayoyin da ke ƙera shi suna zaune ne a ƙarƙashin fatar ciki, suna fitar da shi biyu-biyu a haɗe, sai ƙwayoyin fatar su ɗauke shi su tsallakar da shi zuwa waje, a hanya kuma su maƙala masa wani ɓangare da ke kare shi kada ruwan narkar da abinci ya cinye shi. In ya fito sai ya manne wa bairos ko bakteriya ko gubarsu, ya tattara su dunƙule-dunƙule, su kasa kama jikin fatar, majina ko bayan gida ya yi gaba da su.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yana wannan aikin cikin ruwan sanyi, ba ya tayar da kumburi da zazzaɓi yadda faɗan cikin jini ke yi, kuma dole haka, don in da hanji zai kumbura duk lokacin da ya ga baƙon abu ai da ba mai iya cin abinci. Yawansa ma ba wasa ba, babban mutum yana zuba kusan gram 3 zuwa 5 na IgA a hanji kullum, ya fi duk sauran nau'o'in antibodi in an haɗa su.

A ina jiki yake koyon gane cutar da ta shigo ta baki ko hanci?

Akwai wurare na musamman da aka tanada don ɗanɗana abin da ke wucewa. A maƙogwaro akwai tonsil, ƙululun nan biyu da ke kumbura in yaro na ciwon wuya, da ɗan'uwansu da ke bayan hanci. A ƙaramin hanji kuma akwai wasu tsibi-tsibi da ake kira da sunan Johann Conrad Peyer, masanin jikin mutum ɗan Suwizalan da ya bayyana su a 1677. A saman waɗannan wuraren akwai ƙwayoyin M, aikinsu su ɗebo ɗan samfurin duk abin da ya gifta su miƙa wa ƙwayoyin garkuwa da ke jira a ƙasa.

Ga inda abin ya yi daɗi. Ƙwayar garkuwar da ta koyi darasinta a hanji, ana yi mata wata alama a jiki, sinadarin da ke fitowa daga bitamin A yana da hannu a wannan, sai ta shiga jini ta zaga ta dawo hanji ta zauna. Wadda ta koya a hanci takan dawo hanyoyin iska. Wato inda aka yi maka karatu can za a tura ka aiki. Wasu ƙwayoyin T ma, wato wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa, in sun zauna a huhu ko hanji ba sa sake barin wurin, suna nan suna jira, duk da dai na hanyar iska an lura suna raguwa da sauri fiye da na wasu wuraren.

To me ya sa allurar da ake yi a hannu ba ta ba da wannan kariyar sosai?

Saboda dalilin da na faɗa a amsar da ke sama. Allura a tsoka take shiga, daga nan a kai saƙon ga kaluluwar hammata, ƙwayoyin da suka koya a can ba a yi musu alamar hanci ko hanji ba, sai su tafi ɓargo da saifa su riƙa zuba IgG cikin jini. IgG ɗin yana tsattsafowa sosai zuwa can ƙasan huhu, shi ya sa allura ke hana ciwon huhu mai tsanani da mutuwa, amma abin da ke isa hanci da maƙogwaro kaɗan ne, kuma in matakinsa a jini ya fara sauka bayan wasu watanni, na hancin ne ke fara ƙarewa.

Kada dai a ɗauka kowace allura haka take, akwai waɗanda suka karya wannan ƙa'idar, duba tambayar ko duk allura ba ta hana yaɗuwa a ƙasa.

Foliyo yana da na ɗigo yana da na allura, wanne ne wanne?

Wannan shi ne babban darasin fannin gaba ɗaya, don haka bari in ɗan tsaya. Jonas Salk ya fito da na allura a 1955, matacciyar bairos ce a ciki. Albert Sabin kuma ya yi na ɗigo da bairos mai rai wadda aka raunana, aka gwada shi a kan miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1950, Amurka ta amince da shi a farkon shekarun 1960. Cutar foliyo ta baki take shiga, ta hayayyafa a hanji, ta fita a bayan gida, kuma a cikin mutum 200 da suka kamu kusan 1 ne take kaiwa ga lakarsa ta shanye masa ƙafa, yawancin sauran suna yawo da ita lafiyarsu ƙalau. Allurar Salk tana tare hanyar daga jini zuwa laka, yaro ba zai shanye ba. Ɗigon Sabin kuma yana zama a hanjin kansa ya koya masa, in ta daji, wato asalin bairos ɗin da ke yawo a cikin mutane, ta zo ba ta samun wurin zama balle ta wuce ga wani yaron.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a Isra'ila a 2013. Ƙasar ta yi shekaru tana amfani da allura kaɗai kuma kusan duk yara sun yi, sai ga foliyon daji a gwajin ruwan magudanar bayan gida, wata da watanni tana zagawa. Ba yaro ko ɗaya da ya shanye, allura ta yi aikinta, amma cutar ba ta tsaya ba sai da suka dawo da ɗigon baki suka bi yara da shi.

Da ɗigon nan ne aka yi yawancin yaƙin da aka fara a 1988, lokacin ana ƙiyasta yara 350,000 na shanyewa duk shekara a ƙasashe sama da 125. Yanzu foliyon daji nau'i na 2 da na 3 an tabbatar sun ƙare, a 2015 da 2019, an ayyana Afirka ta rabu da na daji a watan Agustan 2020, ya rage Afganistan da Pakistan. Ɗigo biyu ne a baki, ba sirinji, ba sai ƙwararren ma'aikaci ba, wannan sauƙin ma kansa rabin nasarar ne.

In ɗigon ya fi tare yaɗuwa, me ya sa ake ƙara wa yara allura kuma ake maganar daina ɗigon?

Don bairos ɗin cikin ɗigon mai rai ce, kuma mai rai tana iya sauyawa. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida na wasu makonni. In yawancin yaran unguwa sun yi rigakafi sai ta mutu a nan, amma in akwai yara da yawa da ba a yi musu ba sai ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan har shekara ko fiye, a hankali ta dawo da ƙarfinta ta fara shanye yara. Matsalar daga ƙarancin waɗanda aka yi wa take tasowa, ba daga yawan ɗigon ba, wannan wurin mutane da yawa ke juya shi. Nau'i na 2 ne ya fi yin haka, shi ya sa a watan Afrilun 2016 aka cire shi daga ɗigon yau da kullum a duk duniya aka shigo da allura cikin jadawali. Daga baya aka ƙera sabon ɗigo mai suna nOPV2 wanda aka gyara ƙwayoyin gadonsa don ya yi wuyar komawa mai cutarwa, aka fara amfani da shi a 2021.

Kuma haɗa biyun yana da wata fa'ida da ba a zata ba tun farko. Binciken da aka yi a Indiya aka wallafa a 2014 ya nuna yaron da ya taɓa shan ɗigo, in aka yi masa allura daga baya, garkuwar hanjinsa tana tashi sosai, har fiye da in ɗigon aka ƙara masa. Allurar ba ta iya fara koya wa hanji, amma tana iya tunatar da shi abin da ya riga ya koya.

Me ya sa ake ta maimaita ɗigon foliyo, yaro ya sha sau da yawa?

Ba kowane ɗigo ne ke kamawa ba. In a ranar yaro na gudawa, ko wata bairos ta riga ta cika hanjin, sai na rigakafin ya wuce bai zauna ba. A jihohin Uttar Pradesh da Bihar na Indiya an samu yaran da suka sha sau goma ko fiye amma foliyo ya kama su, saboda cunkoso da yawan cutar hanji, sai da aka yi ta zagaye kafin a ga na ƙarshe a ƙasar Indiya a Janairun 2011. Sannan garkuwar hanji tana yin sanyi da lokaci. Ƙarin ɗigo ba ya cutar da yaro.

Ban da foliyo, waɗanne rigakafi ne ake bayarwa ta baki ko hanci?

Ba su da yawa in aka kwatanta da na allura. Akwai na rota, bairos ɗin da Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Ostireliya a 1973, wadda ke kan gaba wajen jawo gudawa mai tsanani ga jarirai, ana ɗiga shi daga mako 6, sunayensa Rotarix, RotaTeq, Rotavac, Rotasiil, kuma tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta sa shi a jadawalinta. Akwai na kwalara da ake sha, Dukoral da Euvichol, su matattun bakteriya ne a ciki. Akwai na taifod na haɗiya mai suna Ty21a. Akwai feshin hanci na mura, FluMist, da Amurka ta amince da shi a 2003, Birtaniya kuma tun 2013 take fesa wa yara irinsa. Dabarar da aka yi masa ita ce an saba wa bairos ɗin da sanyi, tana iya rayuwa a hanci amma zafin huhu na digiri 37 yana hana ta. Sojojin Amurka kuma suna haɗiyar wata ƙwaya don kariya daga bairos ɗin adeno nau'i na 4 da na 7, cutar ta numfashi ce amma ta hanji ake koya wa jiki ita.

Tunanin kansa ba sabo ba ne. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce a ƙasar Sin ana niƙa ɓawon ƙurajen agana a hura wa mutum a hanci, kuma BCG na tarin fuka da aka fara ba wani jariri a Faris a 1921 ta baki aka ba shi. A ɓangaren dabbobi ma an yi nisa, kaji ana ɗiga musu a ido ko a zuba a ruwan sha, kuma tun 1978 Suwizalan ta fara watsa abinci mai rigakafin haukan kare a daji don namun dawa su ci.

In abin yana da amfani haka, me ya hana a mayar da duk rigakafi na ɗigo da feshi?

Wallahi wuya ce da shi. Matsala ta farko ita ce fatar ciki an gina ta ne a kan haƙuri. Kullum hanji yana ganin abinci da tiriliyoyin bakteriya masu amfani, hanci yana shaƙar ƙura, in da zai yi faɗa da kowa da mutum bai zauna lafiya ba, don haka abin da ya saba shi ne ya ƙyale. Ka ba shi ɗan guntun furotin irin wanda ake sa wa a allura, sai ya ɗauke shi kamar abinci, wani lokaci ma ya koya wa jiki kada ya kula shi. Shi ya sa yawancin waɗanda suka yi nasara masu rai ne, su suke iya tayar da shi daga barci. Sai kuma tsamin ciki da ke lalata abu kafin ya isa hanji, Dukoral ma da wani ruwa mai kashe tsami ake haɗa shi, hanci kuma cikin mintoci kaɗan yake share abin da aka fesa ya tura shi maƙogwaro, ba ka da tabbacin nawa ne ya shiga.

Ta biyu ita ce sinadarin zuga, wato abin da ake haɗawa da rigakafi don ya zaburar da garkuwa. Waɗanda suka fi ƙarfi a fatar ciki daga gubar kwalara da ta bakteriyar E. coli ake samo su, kuma an taɓa ƙonewa da su. A Suwizalan wajen 2000 zuwa 2001 an fito da feshin mura mai ɗauke da irin wannan gubar, sai aka ga masu amfani da shi suna samun shanyewar ɓarin fuska fiye da kima, aka janye shi. Wannan abin ya sa kowa taka-tsantsan har yau, kuma a ganina daidai ne.

Ta uku, awo. IgG ka ɗebi jini ka auna, lambar da aka samu a wannan ɗakin gwaji za ta yi kusa da ta wancan. IgA na hanci kuwa ya danganta da yadda aka ɗebo majinar, da ko mutum na mura, da ma lokacin da aka ɗeba. In ba ka da ma'auni tsayayye, dole ka yi gwaji a kan dubban mutane ka jira ka ga wa zai kamu, kuɗi da lokaci kenan.

Da gaske ne rigakafin baki ba ya aiki sosai a ƙasashe matalauta?

Yana aiki, amma ƙarfinsa yana raguwa, wannan gaskiya ne kuma bai kamata a ɓoye ba. Na rota a Turai da Amurka yana hana gudawa mai tsanani da kashi 85 zuwa sama da 90 cikin ɗari. A gwajin Rotarix da aka wallafa a 2010, an samu kusan kashi 77 a Afirka ta Kudu, kusan kashi 49 a Malawi. Dalilan da ake dubawa sun haɗa da hanjin da ke cikin kumburi na kullum saboda gurɓataccen ruwa da muhalli, ƙarancin abinci mai gina jiki, wasu cututtukan da ke gasa da shi a hanji, da yawan antibodin da jariri ya gada daga uwa.

Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe daga gwajin nan. Duk da kason Malawi ya fi ƙasa, yawan yaran da aka kuɓutar daga gudawa mai tsanani a cikin kowane ɗari ya fi yawa a Malawi, saboda can cutar ta fi yawa tun asali. Rabin babban abu ya fi kashi uku cikin huɗu na ƙarami. Duk wanda ya ce maka kashi 49 ba komai ba ne, bai taɓa ganin jaririn da idonsa ya faɗa maɗigarsa ta loɓa saboda ƙarewar ruwa ba.

Nono yana da alaƙa da wannan? A daina shayarwa kafin a ɗiga wa jariri?

Alaƙa babba ma. Jariri sabuwar haihuwa bai fara ƙera IgA nasa sosai ba, na uwa yake sha, kuma dakashi, nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, shi ya fi kowanne cika da shi. Ƙwayoyin garkuwar da suka koya a hanjin uwa suna tafiya mama su zauna, don haka IgA ɗin da ke cikin nononta na cututtukan da ke kewaye da ita ne, waɗanda su ne jaririn zai haɗu da su. Zubar da dakashi asara ce babba.

Maganar dakatar da shayarwa kuma an gwada, an sa iyaye su jinkirta nono na ɗan lokaci kafin da bayan ɗigon rota, ba a ga wani ƙarin amfani ba. A ci gaba da shayarwa yadda aka saba.

Na yi allurar korona amma na kamu. Wannan ne dalili?

Yana cikin dalilan. Alluran korona sun tayar da IgG da ƙwayoyin T sosai, shi ya sa suka rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai, amma IgA na hanci kaɗan suka samar musamman ga wanda bai taɓa kamuwa ba. Ƙara da cewa bairos ɗin ta yi ta sauya kama, musamman da nau'in Omicron ya zo a ƙarshen 2021, kuma tana hayayyafa a hanci cikin kwana biyu uku kafin garkuwar jini ta kawo ɗauki. Kamuwar da ka yi ka warke a gida da ɗan tari ba ta nuna allurar ta faɗi ba.

A watan Satumban 2022 Indiya ta amince da iNCOVACC na ɗigon hanci, Sin kuma ta amince da na kamfanin CanSino wanda ake shaƙa ta baki kamar tururi. A daidai wannan lokacin kuma masu bincike a Oxford suka fitar da sakamakon gwajin fesa rigakafin AstraZeneca a hanci, bai yi kyau ba, ƴan kaɗan ne suka samu garkuwar hanci. Wannan ya nuna ba wai ka ɗauki ruwan allura ka zuba a hanci ba ne kawai, dalilan suna cikin amsar wahalhalun da ke sama.

Kenan duk allura ba ta hana yaɗuwa?

A'a, kuma wannan gyaran yana da muhimmanci. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso a Disambar 2010 ta kusan share bakteriyar nau'in A daga maƙogwaron mutane, har waɗanda ba a yi musu ba suka samu kariya. Allurar HPV mai hana kansar bakin mahaifa ita ma a hannu ake yi, amma IgG ɗinta yana isa bakin mahaifa da yawa ya tare bairos ɗin. Ta ƙyanda ma tana tsayar da yaɗuwa sosai. A ɗaya gefen kuma akwai tarin shiƙa, masu bincike na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, sun gwada sabon nau'in allurarsa a kan birai, biran ba su yi ciwo ba amma sun ɗauki bakteriyar a maƙogwaro sun kuma shafa wa na kusa da su. Kowace cuta da halinta, ba a yi musu kuɗin goro.

Akwai haɗari? Wa bai kamata ya karɓa ba?

Tunda yawancin na baki da na hanci masu rai ne, mai garkuwa mai rauni sosai, kamar wanda ke shan maganin cutar kansa ko aka yi wa dashen gaɓa ko jaririn da aka haifa da matsalar garkuwa mai tsanani, sai an tambayi likita. Feshin mura a Amurka daga shekara 2 zuwa 49 ake bayarwa, ba a ba mai ciki, ana kuma kaffa-kaffa da mai asma mai tsanani. Abin da aka fi gani bayansa yoyon hanci ne da toshewa na kwana ɗaya biyu.

Na rota kuma akwai tarihi. Na farko, RotaShield, ya fito a Amurka a 1998 aka janye shi a 1999 saboda yana sa hanji ya shige cikin kansa a kusan jariri 1 cikin 10,000. Na yanzu haɗarin ya ragu sosai, bai wuce ƴan ƙalilan cikin 100,000 ba, amma uwa ta san alamun, musamman a makon farko bayan ɗigo: kuka mai tsanani da ke zuwa yana tafiya jariri na naɗe ƙafafu zuwa ciki, amai, ko jini a kashi. In an ga haka asibiti kai tsaye, ana gyara shi in an je da wuri.

Ina bincike ya dosa yanzu?

Hanyar da ta fi jan hankali ita ce haɗa biyun, a fara da allura a gina garkuwar jini, daga baya a fesa a hanci don a jawo ƙwayoyin garkuwar su zo su zauna a bakin hanya. Ɗakin binciken Akiko Iwasaki a jami'ar Yale ya nuna haka a ɓeraye a 2022, da furotin zalla ba tare da sinadarin zuga ba, don jikin ya riga ya san abin daga allura. Ana kuma gwada rigakafin tarin shiƙa na hanci mai suna BPZE1, da na tarin fuka da ake shaƙa, da ƙwayoyin haɗiya masu rufin da ba ya narkewa sai sun wuce ciki sun isa hanji. A 2023 gwamnatin Amurka ta ware dala biliyan 5 ga shirin Project NextGen na neman sabbin rigakafin korona, rigakafin hanci na cikin abubuwan da aka sa a gaba.

In ka ga labarin wani sabon feshi, tambayoyi biyu za ka yi. A ɓeraye aka gwada ko a mutane, don hancin ɓera da na mutum ba tsarinsu ɗaya ba kuma abubuwa da yawa sun yi kyau a ɓera suka faɗi a mutum. Sannan me aka auna, tashin IgA kawai, ko kuwa an bi mutanen an ga da gaske sun rage kamuwa da shafa wa mutanen gidansu.